Binciken Dakta Mas'udu a Rijiyar Surukinsa

A unguwar Tudun Wada ta Gusau, ba da daɗewa da yanke jihar Zamfara ba, an yi wani mai kemis da ake kira Mas'udu. Bai taɓa taka ƙofar makarantar likitoci ba, amma tun ranar da ya yi wa wani direban tifa allura direban bai mutu ba, ya sa aka rubuta "Dakta" a allon shagonsa da harufan da suka fi sunansa girma. Dogo ne siriri, yana sa tabarau ba don idonsa na ciwo ba. Babu abin da za a ambata a majalisa bai ce ya san shi tun yana firamare ba. Ko jirgin sama aka ji a rediyo ya faɗi a wata ƙasa, sai ya girgiza kai ya ce da an tuntuɓe shi da abin bai kai haka ba.

Ana nan sai Yazid, abokin karatunsa na sakandare, ya zo hutu daga Amurka. Shi wannan dakta ne na gaske, mutum mai shiru-shiru. Da yamma ya biyo gaishe da abokai, aka ba shi benci a gaban kemis, 'yan majalisa suka rufe shi da tambayoyi.

Muktar tela ya ce, "Wai wa ya tsaya maka ka samu takardar zama? Mun ji sai wani kamfani ya ce yana son mutum."

"Haka dokar take," in ji Yazid. "Mai ɗaukar aiki ne zai nema maka, ya kuma nuna ya duba a ƙasarsu bai samu mai iya aikin ba. Amma akwai wata ƙofa. In aikinka zai amfani ƙasarsu sosai, sai su yafe maka wannan sharaɗin ka nema da kanka. Ta nan na bi."

"Aikin naka mene ne?"

"Binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yadda ƙazanta da guba ke bi ta cikin ƙasa har su shiga rijiyoyin mutane."

Mas'udu yana ciki yana ƙulla ƙwayoyi a leda. Ya leƙo ta taga.

"Ruwan rijiya dai da muka sani?"

"Shi."

"Wanda ake ja da guga?"

"Can da inji suke ja, amma shi ne."

"To me suke so mutum ya nuna musu?"

Yazid ya ce sai mutum yana da digirori, da binciken da ya gudanar, da hujjar cewa binciken ya taɓa rayuwar jama'a, sannan manyan masana su rubuta su shaida. Muktar ya tambayi yadda ake gane hanyar ruwa alhali yana ƙasa ba a ganinsa. Yazid ya ce wani lokaci sukan nemi izini su zuba ɗan launi na musamman marar cutarwa a wuri guda, su jira su ga inda zai ɓullo.

A cikin duk bayanin nan kalmomi uku ne suka zauna a kan Mas'udu: bincike, shaida, launi. Digirori da izini da "marar cutarwa" sun shiga ta kunnen dama sun fice ta na hagu ko gaisawa ba su yi ba.

Yazid na tashi, Mas'udu ya fito ya tsaya a tsakiyar majalisa. "Kun ga Yazid ɗin nan? Ni nake yi masa lissafi a aji uku."

Muktar ya ce, "Ashe shi ya sa ya maimaita aji uku."

Mas'udu bai kula shi ba. Ya rufe shago tun kafin magariba ya nufi gida. Ya iske matarsa Wasila a tsakar gida tana tankaɗe.

"Ki fara sallama da 'yan uwa. Amurka ta yi kira."

Wasila ba ta ɗago ba. "Ta wace wayar ta kira, mu da duk layin nan babu mai waya?"

Ya zayyana mata komai, ya ƙara da cewa Turawa na can ruwansu ya ɓaci sun rasa mai duba musu, Yazid kuma shi kaɗai abin ya fi ƙarfinsa.

"Baban Khadija, kai da ko randar ɗakin nan ba ka san daga ina ake cika ta ba."

"Masani ba ya ɗebo ruwa. Nazarinsa yake yi."

"To in ka gama nazarin, ka miƙo min rariyar can."

Washegari aka sauke allon kemis, aka ɗora sabo: Cibiyar Binciken Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa ta Afirka ta Yamma. Masu ciwon kai da masu gudawa suka riƙa zuwa yana tura su gaba, wai ya wuce wannan matakin. Ya shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo ya sayo wani ƙaton kot mai gashi a wuya, ya riƙa sa shi a kan farar rigarsa ta likita, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema.

Muktar ya ce, "Dakta, lafiya?"

"Jiki nake horarwa don ya saba da can."

"Da sanyi zai saba a cikin wannan, ko da zufa?"

"Kai tela ne, ka tsaya ga allurarka."

Binciken farko a maƙwabta ya faɗa, gidan Ladidi mai koko, wadda rabin unguwa ke karyawa a wajenta. Ya je da safe ana layi, da abin sauraren ƙirji a wuya da kwalba a hannu. Ya durƙusa ya kara abin a bakin rijiyar, ya lumshe ido, ya daɗe yana gyaɗa kai kamar mai jin labarin rasuwa. Sannan ya jawo guga ya cika kwalbarsa, ya girgiza, ya ɗaga ta sama. Ruwan ya yi kumfa, ya yi ja-ja, wani maiƙo na yawo a samansa.

Ya juya ga masu layi. "Jama'a, ba na son tayar muku da hankali. Amma duk wanda ya sha kokon nan bana, ya yi wasiyya."

Kafin ka ce me, layi ya watse. Wani dattijo da ya riga ya kurɓa ya tsaya da shi a baki, ya rasa haɗiyewa zai yi ko tofarwa. Ladidi ta ajiye ludayi ta zo ta fizge kwalbar ta sansana.

"Wannan ai warin maganin tari ne. Ka wanke kwalbar kuwa?"

Mas'udu ya gyara tabarau. "A kimiyyance, wanke kwalba yana iya..."

Bai ƙarasa ba ta suri muciya. Da kot ɗin da komai ya tsallake kwatar ƙofar gidan. Ranar Wasila ce ta je ba da haƙuri, ta kuma sayo kokon da ya yi kwantai gaba ɗaya, gidan suka yini suna shan sa har dare.

"Mutanen birni ba su san darajar ilimi ba," in ji Mas'udu, yana kurɓar kofi na uku. "Ƙauye zan fita. Kuma da mai hoto, don Turawa ba sa yarda sai sun gani."

Ya ɗauki Bashiru mai hoto a bayan babur suka nufi Tsafe. A bayan gari suka sami wata rijiya mai zurfi inda ake shayar da dabbobi. An gitta itace a bakinta, igiya ta bi ta kansa, ɗaya bakin igiyar a ɗaure a jikin wani ƙaton sa. In san ya yi gaba guga ya taso, in ya dawo guga ya sauka. Mai rijiyar, Malam Usman, ya saurari bayanin Mas'udu har ƙarshe, ya ce, "Ruwa ka ka so? Ga shi nan cikin kwami, ɗiba."

"Ba irin wannan ba. Na ƙarƙashin ƙasa nake so, tun bai fito ba. Da zarar ya fito ya zama na sama."

"To sai ka bi shi can."

"Abin da na zo yi ke nan."

Malam Usman ya dube shi, ya dubi kot ɗin, ya ce shi dai babu ruwansa. Aka kwance guga aka ɗaura Mas'udu ta ƙugu. Makiyaya suka taru, mata masu tallan nono suka sauke ƙwarya. Mas'udu ya ce wa Bashiru ya ɗauke shi yana sauka, fuskarsa a ɗage, kwalba a hannun dama. Malam Usman ya riƙa jawo san baya sannu a hankali, Mas'udu na nutsawa yana yi wa jama'a bayanin sunayen duwatsun da yake wucewa, da wani Turanci da shi kaɗai ya san shi.

Abin na tafiya daidai sai ga wani mutum ya tunkaro rijiyar da damin harawa a ka. San ya hango. Ya fizge daga hannun Malam Usman ya yo kan harawar a guje. Igiya ta saki. Daga ƙasa aka ji tsulum, bayani ya yanke.

Mai harawa ya ga sa ya nufo shi, ya juya ya zura da gudu. San ya bi shi. Igiya ta miƙe, sai ga Mas'udu ya taso kamar an harbo shi, ruwa na zuba daga aljihunan kot, kansa ya gaisa da itacen bakin rijiya. Ya buɗe baki zai yi magana, mai harawa ya kewayo ta bayan kwami, san ya kewayo, Mas'udu ya koma. Haka aka yi ta yi, ya fito ya ce "Ku riƙe...", ya koma, ya fito ya ce "...san," ya koma, har Allah ya ba mai harawa basirar jefar da damin. San ya tsaya cin abinsa, Mas'udu ya tsaya a rataye, kai ƙasa ƙafafu sama.

Da aka fito da shi babu tabarau, babu takalmi ɗaya, babu kwalba. Malam Usman ya leƙa rijiyar ya daɗe.

"Tun kakana anka gina wagga rijiya, ko ɓera bai taɓa faɗawa ba. Malam, in ƙazanta ka zo nema, ka same ta, kai ne."

Da aka wanke hotunan, ɗaya bayan sa ne, ɗaya mai harawa yana gudu, ɗaya kuma ƙafafu biyu ne a sama, guda da takalmi guda babu. Mas'udu ya manna na ƙarshen a bangon cibiya. Ya ce wa 'yan majalisa irin wannan Turawa suka fi so, hoton mutum yana tsakiyar aiki.

Wasila na gasa masa ƙulun kansa ta ce, "Don girman Allah ka mayar da allon kemis. Jiya Hajiyar Damba ta zo awon jini, ka ce ta kawo ruwan rijiyarta tukuna."

"Saura mataki ɗaya. Launi. Shi ne babban, daga shi sai shaida, daga shaida sai jirgi."

"Wane launi?"

"Sirrin aiki ne."

A makon ne za a ɗaura auren Hussaina, ƙanwar Wasila, a Bungudu. Mahaifinsu Alhaji Tukur babban manomi ne, dattijo mai kwarjini, wanda duk garin aka san shi da farin gemunsa da ya sauko har ƙirji. Kullum sai ya taje shi ya shafa masa turare, kuma in yana magana yana shafa shi babu mai katse shi. Mas'udu da Wasila suka isa ana gobe ɗaurin aure. Wasila ta lura jakar mijinta ta yi nauyi tana ƙara, amma hidimar biki ta ɗauke mata hankali.

Abin da ke cikin jakar jibi ne, maganin nan mai launin shunayya da ake shafa wa ciwo, wanda in ya taɓa fata sai ya ga dama yake fita. Duk wanda ke shagon ya kwaso, na kwalba da na gari, har da wanda ya aro a wani kemis na garin Wanke.

Bayan la'asar ya kewaya bayan gidan. Can ya ga wata rijiya an rufe ta da kwanon rufi, an danne da dutse, babu guga babu igiya, ciyawa ta fito a gefenta. Ya ce a ransa matacciya ce. Wani baƙin bututu ya fito daga ƙarƙashin kwanon ya shige ƙasa, ya dube shi ya yanke hukuncin cewa tun na zamanin Turawa ne. Can gaba kaɗan, a bakin hanya, akwai wata rijiyar da ake ja. Shirin ya fito masa sarai: ya zuba a nan, ya jira a can.

Wasila ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta gan shi yana ɗaga kwanon.

"Baban Khadija, rijiyar nan fa Baba ya..."

"Wasila, na taɓa shiga miki girki?"

"Kullum."

"To ni kar ki shiga min kimiyya."

Ta ɗauka ɗiba zai yi a kwalba kamar yadda ya saba, kuma ana ƙwala mata kira daga ciki, sai ta kaɗa kai ta koma. Shi kuwa ya juye rabin jakar, ya ruga rijiyar bakin hanya ya zauna. Duk wadda ta jawo guga sai ya leƙa. Ruwa fari tas. Ya jira har rana ta yi ja, bai ga komai ba. Ya ce ƙasar Bungudu tauri gare ta, ya koma ya juye sauran, ya ɗauraye kwalaben da ruwa ya juye a ciki don kada a yi asara, ya mayar da kwano ya danne. Har aka kira magariba babu labari. Ya tafi masauki yana cewa zuwa safe zai ɓullo.

Abin da Wasila ta so faɗa masa shi ne Alhaji ya sa wa rijiyar inji tun bara. Bututun nan shi ke kai ruwa babban tankin da ke tsakanin gidan da masallaci. Kuma saboda biki, bayan isha'i aka tayar da injin aka cika tankin har baki.

Da asuba babu wuta, gari duhu. Ladan ya cika butoci kamar kullum. Dattawan unguwa, da baƙin biki, da ango Abdullahi wanda ya kwana a garin tare da abokansa, duk suka yi alwala suka shiga sahu. A cikin gida mata suka jiƙa shinkafar waina, suka dama kunu, gwaggonni suka tsare amarya suka yi mata wanka. Mas'udu kaɗai ya yi alwala da ruwan jarkarsa da ya taho da shi daga Gusau, don a cewarsa masani ba ya taɓa ruwan da bai auna ba.

Bayan salla aka zauna lazimi har gari ya fara haske. Liman ya juyo zai yi addu'a, ya ɗaga hannu, ya dubi jama'a, sai hannun ya tsaya a sama. Jama'a suka dubi liman. Kowa ya juya ya dubi na kusa da shi, ya matsa kaɗan. Fuskoki shunayya daga goshi zuwa haɓa. Hannuwa shunayya zuwa gwiwar hannu, daidai inda farilla ta tsaya. Kunnuwa ciki da waje. Ƙafafu zuwa idon sawu. Wanda ke cika alwala ya fi kowa duhu, mai gaggawa kuma ya fito dabbare-dabbare, har liman ya gane masu barin lam'a ba tare da ya tambaya ba.

Ladan ya ce a hankali, "Alhaji, gemunka."

Alhaji Tukur ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa. Gemun nan da ake kwatance da shi ya koma kamar an tsoma shi a marina.

Aka fito waje ana salati. Daga cikin gida kuma sai kuka ya tashi, an fito da amarya haske. Wata gwaggo ta leƙo da kwanon ƙullun waina, ta karkata shi kawai don maza su gani. Wani ya ce annoba ce, wani ya ce sammu ne aka yi wa auren, wani ya ce tun jiya ya ji jikinsa ba daidai ba. Liman ya buɗe famfon tanki, ruwa ya zubo kamar tawada. Ya ce ruwan da launinsa ya canza haka ba ya alwala, don haka sallar kowa sai an sake, sai dai a fara nemo ruwan da za a sake ta da shi.

Ana cikin haka motar dangin ango ta iso daga Gusau. Baffan ango ya fito da babbar rigarsa, ya miƙa hannu zai gaisa, ya ga taron, ya mayar da hannun aljihu.

"Alhaji, ba a faɗa mana akwai wannan a danginku ba. Na gado ne?"

"Wane irin gado? Yau munka tashi da shi."

"To ina ganin a ɗan jinkirta ɗaurin auren, mu ga yadda jiki zai yi. Ina Abdullahi? Ku ce masa kada ya taɓa kowa."

Abdullahi ya fito daga bayan liman, fuska shunayya, haƙora shunayya don shi har da asuwaki ya yi. "Ga ni, Baffa."

Baffan ya koma cikin mota ya ɗaga gilashi.

A daidai nan Mas'udu ya ƙaraso daga rijiyar bakin hanya, inda ya sake komawa duba guga bai ga komai ba. Ya taho a sanyaye, yana tunanin binciken ya faɗi. Da ya ga taron sai ya tsaya cak. Ya dubi fuskoki, ya dubi famfo, ya bi bututun da ido har bayan gida. Fuskarsa, wadda ita kaɗai ce mai launin mutane a wurin, ta washe da murmushi. Mai hankali da ya sulale ya hau babur. Mas'udu ya jawo turmi ya kife ya hau, ya gyara wuyan kot.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ba annoba ba ce, ba sammu ba ne. Nasara ce. Yau an tabbatar a kimiyyance cewa ruwan rijiyar bayan gida yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a tankin masallaci."

Ladan ya ce, "Ai mun sani. Ni na haƙa ramin bututun."

"Kun sani a baki. Yanzu kun sani a rubuce, a jikinku."

Jama'a suka buɗe hanya. Alhaji Tukur ya tako a hankali har gaban turmin. Ya kai hannu zai shafa gemu yadda ya saba, ya tuna, ya sauke hannun.

"Mas'udu, sauko. Mi ka zuba cikin rijiyata?"

Mas'udu ya sauko ya durƙusa. "Jibi, Baba."

"Ban tambaye ka abin da za ka yi jibi ba. Jiya mi ka zuba?"

"Jiyan ma jibi ne, Baba."

Alhaji ya juya ga liman. "Yaron ga ya taɓu ne?"

Daga cikin zaure Wasila ta ce, "Baba, sunan magani ne. Shunayyan nan da ake shafa wa yara in an yi musu kaciya."

Wani makiyayi ya ce, "Mu jakai mu ka shafa wa in sun yi gyambo."

Alhaji ya lumshe ido ya buɗe. "To yaushe ya ka fita?"

"Shi kam ba jibi ba, Baba."

"Gata?"

Mas'udu ya girgiza kai.

"Citta?"

"A fata yakan ɗan ɗauki makonni. A gemu kuwa, gaskiya kimiyya ba ta kai nan ba tukuna. Kai ne na farko, Baba. Abin alfahari ne."

Sai da mutum huɗu suka riƙe ango don kada ya far wa Mas'udu. Liman ya shiga tsakani, ya je ya ƙwanƙwasa gilashin motar ya yi wa baffan bayani cewa ba ciwo ba ne, suruki ne. Baffan ya sauke gilashi ya ce wannan ya fahimta, don su ma suna da irinsa a gida. Aka tsayar cewa za a ɗaura aure bayan azahar. Aka tura amalanke gulbi ɗebo ruwa, aka zubar da waina da kunu a rami aka binne don kada awaki su ci. Mas'udu kuwa aka yanke masa zai kwashe rijiyar da guga har ta yi fari, ya kuma shiga tanki ya wanke shi da soso.

Ya amsa duka cikin ladabi. Har an fara watsewa sai ya zaro farar takarda daga aljihun kot.

"Baba, tunda ga jama'a a tare, kuma kowa ya ga aikin da idonsa, da za a taimaka a rubuta min shaida. Turawan sun ce sai an nuna binciken ya taɓa rayuwar mutane, kuma tafiyar mutum amfanin ƙasa ce."

Alhaji Tukur ya ɗaga sandarsa. Ta kai sama, sai ya tsaya. Ya sauke ta a hankali.

"Amurkar nan, nisa gare ta?"

"Ƙwarai, Baba."

"Ta fi Makka nisa?"

"Nesa ba kusa ba. Sai an tsallake teku."

"In mutum ya tafi, yakan daɗe bai dawo ba?"

"Wani sai ya yi shekaru."

Alhaji ya karɓi takardar ya miƙa wa liman. "Malam, rubuta. Mu mutanen Bungudu mun shaida aikin wanga yaro ya taɓa mu, babba da yaro, mace da namiji, babu wanda ya bari. Kuma tafiyarsa amfanin ƙasa ce. In sunka tambayi wace ƙasar, ka ce tamu."

Liman ya zauna ya rubuta da ajami, ya ƙara da roƙon a gaggauta. Ladan ya tashi zai nemo tawadar dangwale, Alhaji ya ce ya zauna, ya sa aka tara kwano a bakin famfo. Ya tsoma babban yatsa ya dangwala na farko. Nan da nan layi ya miƙe har bakin hanya. Ango ya dangwala, abokansa suka dangwala, baffan ya fito daga mota ya dangwala. Aka shiga da takardar cikin gida, ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito gaba da baya babu wurin sa allura.

Da rana ta take, ana ta guɗa a cikin gida, Mas'udu na bayan gida shi kaɗai yana jan guga, kot a rataye a reshe, hannuwansa sun fi na kowa duhu. Wasila ta kawo masa fura da aka dama da ruwan gulbi. Ya share zufa, ya bar shunayya a goshi, ya nuna mata takardar da ya shanya a kan kwano ya danne da dutse.

"Kin gani? Yazid da duk digirorinsa, mutum nawa suka shaide shi? Dubi nan. Har waɗanda ba su san ni ba rububi suke yi."

Wasila ta ajiye masa kwanon furar, ta miƙa masa igiyar da ya saki.

"Na gani, Baban Khadija. Ni ma na dangwala. Sau biyu."